Shin "mara iyaka" yana nufin abin da ba ya ƙarewa?

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi data ta wata guda wadda aka tallata a rediyo cewa mara iyaka ce. Kafin mako biyu ta yi sanyi, ko bidiyo ba ya buɗewa. Da na yi ƙorafi sai aka ce ai ba a yanke ni ba, don haka har yanzu mara iyaka ce. Ni kuwa a sanina abin da ba shi da iyaka ba ya ƙarewa, kamar yadda muke cewa rahamar Allah ba ta da iyaka. Mene ne ainihin ma'anar wannan kalma? Kuma wanne ne daidai a rubutu: mara iyaka, marar iyaka, ko maras iyaka?"

Wa alaikumus salam, malam. Tambayarka biyu ce a haɗe, ɗaya ta ma'ana, ɗaya ta rubutu. Ta ma'anar ita ce ta ci maka kuɗi, da ita zan fara. Abin da kake son sani shi ne, in aka ce abu mara iyaka ne, shin an yi alkawarin ba zai taɓa ƙarewa ta kowace fuska ba, ko kuwa mai maganar yana da hurumin zaɓar fuska ɗaya ya yi shiru a kan sauran. Amsata ita ce, wannan magana ba ta cika sai an faɗi iyakar me aka cire. Abu ɗaya yakan zama ba shi da iyaka ta nan, yana da ita ta can, kuma a wannan tsakanin ne mai talla yake samun wurin laɓewa.

Iyaka tukuna

Asalin iyaka ta ƙasa ce: inda gonarka ta tsaya, ta maƙwabcinka ta fara. Shi ya sa manomi yake dasa gamba ko aguwa ko bini da zugu a bakin gona, don ko bayan ransa 'ya'yansa su san inda fartanyarsu za ta tsaya. Daga gona kalmar ta hau kan ƙasashe, muke cewa kan iyaka in muna maganar Jibiya ko Maigatari, ko tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Daga nan kuma ta shiga abubuwan da ba a taka su da ƙafa: iyakar ƙoƙarina, iyakar sanina, iyakacin abin da zan iya biya. In dattijo ya gama magana ya ce "iyakarta ke nan", ya rufe zancen. Akwai gajeriyarta, iya, wadda muke ji a "ruwa iya gwiwa" da "iya abin da na gani", akwai kuma aikatau, iyakance. Larabci ya ƙaro mana haddi da adadi da ƙayyadewa, kowacce da gurbinta.

Ka lura da abu guda a nan. A gona iyaka ba ɗaya ba ce, akwai ta gabas da ta yamma, ta kudu da ta arewa. Kana iya rasa shinge ta ɓangaren daji alhali sauran ɓangarorin uku a killace suke. Haka kalmar take ko da ta bar gona. Tana iya zama ta wuri, ta lokaci, ta yawa, ko ta abin da aka halatta wa mutum, kuma Hausa ba ta amfani da magana ɗaya ga dukkansu.

Ɗauki lokaci. Abin da ba zai ƙare ba sam, shi ne na har abada, madawwami. Abin da zai ƙare da ƙarewar mutum, shi ne rai da rai, kamar ɗauri, ko mutu ka raba, kamar aure ko sarauta. Abin da zai ƙare amma ba a sa masa rana ba, shi ne sai baba ta gani, ko sai abin da hali ya yi. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta fara yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022 a matsayin na gargaɗi, ta yi ta ƙara wa'adi, a ƙarshen Agusta ta cire wa'adin gaba ɗaya, sannan ta janye ranar 14 ga Oktoba. Yajin aikin sai baba ta gani ke nan, kuma wata takwas ya yi. Mai fassarar da ya rubuta "yajin aiki mara iyaka" ya faɗi abin da ba a ce ba, domin rashin sanin ranar ƙarewa daban, rashin ƙarewa daban. A siyasa ma muna da kalmarmu: shugaban da ya nemi ture iyakar wa'adi, tazarce yake nema, kamar yadda Tandja Mamadou ya yi a Nijar a 2009, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010.

Ta fuskar yawa kuwa, nan ne baki ya fi sakewa. Jama'a bila adadin sun halarci jana'iza. Godiya ba adadi. Shanu malala gashin tinkiya. Dubun dubatar mutane. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake nufin abin ba shi da ƙarshe, suna nufin ya fi ƙarfin mai ƙirga ne a lokacin. Ƙwayoyin geron da ke cikin buhu ba su ƙirguwa a wurin mai awo, amma adadinsu yana nan daram, wanda ya zauna da haƙuri zai kai ƙwaya ta ƙarshe. Wannan kambamawa ce, kuma mai ji ya san kambamawa ce. Wanda ya ce maka "na gode ba iyaka" ba za ka kai shi gaban alƙali ba don godiyar ta tsaya da ya juya baya.

Inda kalmar take nufin abin da ta ce

Wurare biyu ne ake faɗin rashin iyaka a nufe shi ɗari bisa ɗari: lissafi da tauhidi.

A lissafi, lambobin ƙirga ba su da iyaka, kuma hujjar gajeriya ce. Kawo duk lambar da ka ga ita ce mafi girma, a ƙara mata ɗaya, an samu wadda ta fi ta. Gaba da gabanta har abada. Alamar da ake rubuta wannan da ita, ∞, wani masanin lissafi na Ingila, John Wallis, ya shigo da ita a 1655. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar alamar a matsayin wata lamba ƙatuwa da ke zaune a ƙarshen layi. Babu ƙarshen layin, abin da alamar take faɗi ke nan. Kuskure na biyu shi ne cewa in aka raba lamba, misali biyar, da sifili amsar ita ce ∞. A lissafin makaranta wannan rabon ba shi da amsa sam, domin babu lambar da za ka ninka da sifili ta ba ka biyar.

Misalin da ya fi dacewa da matsalarka shi ne wannan. Tara rabi da rubu'i, ka samu 3/4. Ƙara 1/8, ka samu 7/8. Ƙara 1/16, ka samu 15/16. Za ka iya ci gaba da ƙara rabin abin da ka ƙara a baya ba tare da ka taɓa tsayawa ba, amma jimillar ba za ta wuce 1 ba. Matakan ba su da iyaka, jimillar tana da ita. Haka in ka raba 1 da 3: za ka yi ta rubuta 0.333 ukun ba za su ƙare ba, alhali lambar ko rabi ba ta kai ba. Duk wanda ya riƙe wannan, tallan data ba zai sake ruɗa shi ba.

A tauhidi, malamanmu na zaure sun daɗe da tsefe wannan magana. Cikin siffofin Allah da ake karantar da yara akwai ƙidamu, wato ba Shi da farko, akwai baƙa'u, wato ba Shi da ƙarshe, kuma aya ta 3 a Suratul Hadid ta ambace Shi da na Farko da na Ƙarshe. Siffa biyu aka yi, ba ɗaya ba, domin rashin farko daban yake da rashin ƙarshe. Zaman Aljanna yana da ranar farawa, ba shi da ranar ƙarewa. Har a bakin talaka bambancin yana nan: tun fil azal ta baya ce, har abada ta gaba. Aya ta 18 a Suratun Nahli kuma tana cewa in mun ce za mu ƙidaya ni'imar Allah ba za mu iya lissafe ta ba. Saboda haka misalin da ka kawo na rahamar Allah daidai ne, sai dai ka ɗauko ma'aunin da babu abin sayarwa a duniya da zai cika shi.

Wani abin da masu fassara tallace-tallace ke mantawa: in ana maganar halin mutum, iyaka abin yabo ce, rashinta zagi. Alƙur'ani ya yi maganar iyakokin Allah a Suratul Baƙara ya ce kada a ƙetare su. Mu ma muna cewa wane ya wuce iyaka, ya ƙetare haddi, ya wuce gona da iri, ya wuce makaɗi da rawa, bai san iyakarsa ba. Shi ya sa allon talla da aka rubuta "ka zama mara iyaka" yake yi wa Bahaushe banbaraƙwai. An so a ce masa ya yi fice, sai ya ji kamar an ce ya zubar da tarbiyya.

Datar da ka saya

Data tana da iyakoki aƙalla huɗu: yawan abin da za ka sauke, gudun da za ka sauke shi, kwanakin da za ta yi, da kuma abin da aka yarda ka yi da ita, misali ko za ka iya raba wa wasu wayoyi daga taka. Wadda ka saya tun farko tana da iyakar kwana, tunda ta wata guda ce. Abin da kamfani yake nufi da mara iyaka yawanci shi ne ba zai datse ka ba komai yawan abin da ka ci. Gudun kuwa yana ƙarƙashin wani sharaɗi da ake rubutawa da ƙananan haruffa, wanda za ka gani da sunan FUP, ma'ana ƙa'idar amfani bisa adalci. Sharaɗin yana cewa in ka kai wani adadi za a rage maka gudu har wata ya ƙare. Dalilin fasaha yana nan: eriyar da ke unguwarku ƙarfinta ƙayyadadde ne, kowa daga gare ta yake sha, in mutum goma suka kwana suna sauke fina-finai sauran jama'a ba za su samu ba.

Bari mu yi lissafin, don ka ga abin da ya faru da kai. A ce an ba ka GB 30 da cikakken gudu, bayan haka a mayar da kai kilobit 512 a sakan. Wannan misali ne kawai, naka adadin yana cikin sharuɗɗan da ka saya. YouTube yana ba da shawarar gudun megabit 2.5 a sakan don kallon bidiyo mai ingancin 720p. Bit takwas ne bayit ɗaya, don haka a wannan gudun kana cin kusan GB 1.1 a awa. GB 30 za ta kai ka awa 27 ke nan. In kana kallon awa biyu a rana, cikin kwana 13 ka cinye ta, ko da ba ka taɓa Facebook ko TikTok ba, ko da wayar ba ta sabunta manhajojinta a ɓoye ba. Daga nan sai a sauke ka zuwa 512, wato kilobayit 64 a sakan, kusan MB 230 a awa. Bidiyo mafi rauni da ido zai iya jurewa, 360p, yana son kusan megabit 0.7, wato ya fi abin da aka bar maka. Shi ya sa saƙon WhatsApp yake tafiya, bidiyo kuwa sai juyawa yake. In kilobit 128 aka mayar da kai, MB 58 ne a awa, hoto ma sai ka jira.

Ka ga rage gudu iyakance yawa ne ta bayan gida. A kan 512, ko wayar ba ta huta ba dare da rana, ba za ta wuce GB 5.5 a yini ba. Hasali ma ko ba a rage komai ba, layin megabit 10 a sakan ba zai iya wuce GB 108 a rana ba, kusan GB 3,240 a kwana 30. Data mara iyaka irin ta lissafi babu ita a kasuwa, akwai dai wadda iyakarta ta yi nisan da ba za ka kai ba, da wadda za ka kai kafin mako biyu.

To, an yaudare ka? Ta fuskar harshe hukuncina shi ne: wanda ya gaya maka "ba a yanke ka ba" ya faɗi gaskiya ta fuska ɗaya, amma Bahaushen da ya ji "mara iyaka" a rediyo, aka karɓi kuɗinsa, yana da haƙƙin fahimtar cewa abin da ya fara samu a ranar farko shi zai ci gaba da samu. Kambamawar da ake yafe wa mai godiya ba a yafe wa mai ciniki, domin a ciniki magana alkawari ce. In an faɗi sharaɗin rage gudu a cikin tallan da kansa, da Hausar da aka yi tallan da ita, babu laifi. In an yi tallan da Hausa aka bar sharaɗin da Turanci a wani shafin intanet, an ɓoye rabin magana. Wannan rigima ba a kanka aka fara ta ba. A Amurka hukumar kare masu sayayya ta FTC ta kai kamfanin waya na AT&T kotu a 2014 bisa zargin rage wa masu irin wannan tsari gudu ba tare da cikakken bayani ba, kuma a 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60. Ko tallan da ka ji ya saɓa doka, wannan hukuncin hukuma ne da lauyoyi, nawa ya tsaya a kan abin da maganar take nufi.

In aka kawo mini irin wannan talla in mayar da shi Hausa, abu uku nake tambaya kafin in rubuta kalma ɗaya: a GB nawa ake rage gudu, zuwa nawa ake rage shi, kuma an yarda a raba wa wasu na'urori ko a'a. Su ne kai ma za ka tambaya kafin ka biya. Da amsoshin ake gina jimlar gaskiya, kamar "data ba yankewa har kwana 30, GB 30 na farko da cikakken gudu, daga nan gudun zai ragu". "Ba yankewa" ta fi "mara iyaka" gaskiya nesa ba kusa ba, kuma ba ta rage wa tallan armashi. Game da ƙorafi, ka ɗauki hoton sharuɗɗan da saƙon da aka turo maka ranar da ka saya, ka duba ragowar datarka da *323# in a Najeriya kake, ka kai kuka ga kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su warware ba, sai ka kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne, za su nemi waccan lambar. A Nijar hukumar ARCEP ce take kula da kamfanonin waya.

Akwai wani wuri da wannan kalma take zuwa a takarda, inda ita ce abin tsoro ba abin murna ba. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, ta san kamfanin da alhakin masu shi yake da iyaka, mai Ltd ko Plc a ƙarshen suna, ta kuma san wanda alhakinsu ba shi da iyaka, mai Ultd. A na farko, in kamfani ya karye, abin da mai hannun jari zai rasa bai wuce jarin da ya ɗauka ba. A na biyu bashin zai bi shi har gida. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC shi ma haka yake: in shago ya ci bashin naira miliyan 5, kayan ciki na miliyan 2 ne, ragowar miliyan 3 a wuyansa suke, da motarsa da filinsa. A Nijar, ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, bambancin kamfanin SARL, mai iyakar alhaki, da na SNC, mara iyakar alhaki, ke nan. Mai Ltd ma ya kula, in banki ya sa shi ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa kamfanin, ya cire wa kansa iyakar da doka ta ba shi.

Mara, marar ko maras

Duka ukun Hausa ce. Kalmar daga "rasa" ta fito, da ɗafa-goshin ma- irin na manomi da maɗinki: marashi, marashiya, marasa. Gajeren siffarta shi ne maras, kishiyar mai, jam'inta marasa, kishiyar masu. Sautin s a ƙarshen gaɓa yakan koma r a Hausa, abin da ya sa wani yake cewa sayas da, wani sayar da, wani fitas da, wani fitar da. Ta haka maras ta zama marar, a saurin magana kuma ta zama mara. Da yawa suna ɗauka cewa mara ta namiji ce, marar ta mace, saboda r ɗin ya yi kama da na rigar da motar. Ba shi ba ne. Yaro marar kunya daidai ne, yarinya maras kunya ma daidai ne. Shawarar da nake ba marubuta ita ce su zaɓi ɗaya su riƙe ta daga farkon rubutu har ƙarshe.

Inda ake kuskure na gaske shi ne jam'i. Lambobi marasa iyaka ake cewa, ni'imomi marasa adadi, ba "damammaki mara iyaka" da ake gani a alluna ba. Iyaka kalma ce ta mace, don haka iyakar gona, iyakar ƙoƙari. Za ka ji "iyakan" a bakin wasu Zazzagawa da Hausawan Gana, inda bambancin jinsi ya yi rauni, amma a daidaitacciyar Hausa r ake rubutawa. In sunan abin kake so, rashin iyaka ne. In kana ƙarfafa aiki ne, ba iyaka ta wadatar: ya yi murna ba iyaka. Kalmar "ba" ba ta tsayawa ita kaɗai, in aka tambaye ka ko akwai iyaka, babu za ka ce.

Sai rabon kalmomi. Ba shi da iyaka, ba ta da iyaka, ba su da iyaka, kowace kalma a ware. Wanda ya haɗe ya rubuta "bashi da iyaka" ya kawo maganar rance, wanda ya rubuta "bata da iyaka" a wayar da ba ta da ƙugiya mai karatu zai iya ɗauka ɓata yake nufi. A saƙon waya ana gane nufinka daga zancen, amma a takardar yarjejeniya ko sanarwar da za a karanta a rediyo, mai karantawa zai yi tuntuɓe a kai, sai a raba su.